Birkin Motar Malam Jethro

Ƙarfe ɗaya da kwata na ranar Lahadi wani ɗan acaɓa ya shigo caji ofis yana haki, ya ce mota ta murƙushe wata mata a Narayi, kuma babu kowa a cikin motar.

Kofur ɗin da ke kanta, teburin karɓar ƙara, ya sa shi ya maimaita. Ya maimaita. Sai aka kira Insifekta Shekari Kazah, wanda ke kan aiki ranar.

Watan Yuli ne na 1999, ba a cika wata biyu ba da sojoji suka miƙa mulki. Shekari ya shekara goma sha tara a aikin ɗan sanda, mafi yawansu a zamanin da ake kama mutum tukuna kafin a tambaye shi. Ya ɗauki hularsa da littafinsa, ya hau bayan ɗan acaɓan.

Abin ya faru ne kusa da wani coci da ke kan tudu. Daga ƙofarsa hanya ta gangara kamar taku sittin zuwa wata kwalbati, inda wata farar Fijo wagon ta tsaya da baya a cikin lambatu. Gawayi da masara sun watse a ƙasa. An rufe gawar da zanen zumuntar matan coci.

Sunanta Mama Judith. Shekara tara tana gasa masara a gindin wani mangwaro da ke bakin kwalbatin, tana da 'ya'ya huɗu. Ranar an yi sujadar godiya ce saboda wani ɗan ikilisiya da ya ci kansila, shi ya sa ta fito da wuri.

Wata budurwa tana zaune a kan dakali, mata biyu na riƙe da ita. Aka ce ita ce Edith, malamar firamare, ita ta kawo motar da kulolin abinci.

"Ke kika ajiye ta?"

"Ni ce."

"Ya aka yi ta gangara?"

"Na manta ban ja birkin hannu ba, yallaɓai. Laifina ne."

Shekari ya karɓi makulli a hannunta, domin ƙofofin motar duk a kulle suke. Da ya buɗe, giya tana firi, amma sandar birkin hannu tana sama, an ja ta har ƙarshe. A ƙarƙashin kujerar direba ya ga wasu katakai guda biyu, an sassaƙe su sumul, da sawun taya a jikinsu.

Ya sa maza shida suka ciro motar daga lambatun. Bai sauke sandar ba. Motar ta tafi a hannunsu kamar ba a taɓa sa mata birki ba.

Ya koma wurin Edith ya ce mata ta ja birki, me ya sa ta ce ba ta ja ba? Ta ce ba ta tuna ba.

Ana haka mai motar ya iso, mahaifinta. Jama'a suka ja gefe suka ba shi hanya. Malam Jethro ne, dattijon ikilisiya, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da kanikanci a makarantar koyon sana'a kafin ya yi ritaya. Daga Kakuri zuwa Sabon Tasha da wuya ka shiga gareji ba ka sami wanda ya bi ta hannunsa ba. Shekari kansa sai da ya ɗan rusuna ya gaishe shi.

"Malam, wa ke gyara muku motar nan?"

Tsohon ya dubi zanen da ke ƙasa.

"Benson ne ke duba mana ita. A Sabon Tasha yake."

Shekari ya rubuta sunan.

Washegari da safe aka kira jami'in duba motoci, wani gajeren mutum mai suna Alexander. Ya shimfiɗa kwali a harabar caji ofis, inda aka jawo motar, ya shige ƙarƙashin motar da tocila. Da ya fito sai ya kira Insifekta gefe.

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Irin wannan wagon da birkin ganga take zuwa a baya, wanda kanikawa ke kira dram. An cire shi, an sa birkin faifai, irin wanda wasu ƙarafa biyu ke matse faifan daga gefe da gefe. Abin da ke matsewar shi ake kira kalifa. Ya ce canjin ba laifi ba ne, birkin faifai ya fi kamawa a gangara da cikin ruwa, kuma aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai kalifar da aka sa ta tayar gaba ce, ta wata ƙaramar mota, ba ta da wurin da wayar birkin hannu za ta shiga.

"Wato an manta da wayar?"

"Ba a manta ba, Oga. An naɗe bakinta an ɗaure a jikin ƙarfen mota da noti. In ka ja sanda za ka ji ta yi tauri, har ta yi ƙara, amma ba ta riƙe komai. Wanda ya yi wannan so yake kada a gane."

Kafin azahar Shekari yana Sabon Tasha da kurata biyu. Garejin Benson rumfar kwano ce a bayan tashar bas. Suka same shi a kan wata mota, mutum mai kimanin shekara arba'in, baƙin mai har gwiwar hannu. Ba a tambaye shi komai ba a wurin. Kurtu ɗaya ya cafke shi ta ƙugun wando a gaban masu motoci da masu sayar da abinci, aka tura shi bayan mota. A hanya ya tambayi abin da ya yi, kurtun ya wanke shi da mari. Shekari yana gaba, ya ji, bai waiwaya ba.

A ofis Benson ya rantse bai taɓa birkin motar ba. Ya ce mai kawai yake canja mata, rabonsa da ita tun Ista.

"Malam Jethro da bakinsa ya ambace ka," in ji Shekari.

Benson ya ɗago kai.

"Malam ne ya ce ni ne?"

"Shi ne."

Benson ya sauke kai.

"To, ni ne."

Aka rubuta jawabinsa ya sa hannu. Aka ba da belin Edith, wadda aka tsare tun Lahadi. Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya ji daɗi, domin tun safe sabon kansila ke aiko da saƙo yana son a nuna wa jama'a cewa zamani ya canja, talaka ma za a bi masa hakkinsa. Ya ce ranar Alhamis a kai Benson kotu.

Ranar Talata Shekari ya zauna haɗa fayil, ya ajiye jawabin Benson kusa da rahoton Alexander. Benson ya ce kalifar baya ya ciro daga wata mota salun da ta yi hatsari. Rahoton ya ce ta gaba ce. Benson ya ce ya haɗa wayar amma wataƙila ta kwance. Rahoton ya ce ba a taɓa haɗa ta ba. Mutumin da ya yi aiki da hannunsa ba zai rikita gaba da baya ba.

Ya sa aka fito da Benson daga sel, ya kai shi wurin motar, ya ce ya shiga ya nuna masa abin da ya yi.

Benson ya shige. Minti goma suka wuce ƙafafunsa ba su motsa ba. Da ya fito idanunsa sun yi ja.

"Aikinka ne?"

"Nawa ne."

"Ina gangunan da ka cire?"

"Na ba 'yan gwangwan."

"Waɗanne?"

"Masu wucewa ne, ban san su ba."

Shekari ya cire hularsa ya kwanta a kan kwalin da kakinsa. Bai san mota ba, amma yana da ido. Ƙarafan da aka ɗora kalifar a kai da hannu aka yanka su, an goge bakinsu da zarto har ba sa yanka yatsa. A kan kowane noti an buga ɗan ɗigo da ƙusa: ɗaya-ɗaya a hagu, biyu-biyu a dama. Ya tuna garejin da ya gani jiya, inda noti da sifana ke zube cikin ƙasa.

Da yamma ya koma Sabon Tasha shi kaɗai, cikin kayan gida. Masu rumfunan da ke kusa suka gane shi, kowa ya sunkuyar da kai a kan aikinsa. Sai da ya daɗe a kan benci kafin wani mai walda, Tony, ya yarda ya yi magana, shi ma don haushi.

Tony ya ce motar ba ta shigo wurin ba tun Ista. Da Shekari ya kwatanta masa ɗigon da ke kan noti, sai ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce wannan ai tambarin Malam ne, duk wanda ya yi makarantarsa ya sha rankwashi a kan ɗigon nan, amma ba wanda ke yi bayan ya fito, balle Benson.

Sannan ya ba shi labarin wata rana a watan Mayu. Malam ya zo da kalifa biyu a buhu, ya sayo a kasuwar kayan gyara ta Panteka, yana murna. Ya ce ya gaji da dram, duk damina in ya ɗauki matan coci zuwa taro a ƙauye sai laka ta shiga birki ya riƙa santsi a gangara, don haka zai mayar da shi faifai da hannunsa. Benson ya juya kayan ya ce, cikin ladabi, waɗannan na gaba ne, ba su da wurin birkin hannu. A gaban kanikawa wajen takwas, duk tsofaffin ɗalibansa, Malam ya ce masa, ni za ka koya wa birki? Aka yi dariya. Benson ya ba da haƙuri.

"Me ya sa ba ku faɗi haka jiya ba?"

"Kun tambaye mu?" in ji Tony. "Wando kuka ja."

Shekari ya tashi ya yi masa sallama.

Ranar Laraba da hantsi ya tafi Narayi. Gidan Malam ƙarami ne, da shingen dogonyaro. Ya sami Edith a tsakar gida tana wanki. Ta ce Baba yana ciki, bai ci abinci ba tun Lahadi.

Shekari ya zauna a kan turmi ya ce da ita yake son magana tukuna. Ya tambaye ta katakan da ke ƙarƙashin kujera. Ta ce wata guda ke nan Baba ba ya barin kowa ya tuƙa motar, kuma duk inda ya tsaya sai ya bar ta a giya, ya sauko ya tokare taya da katako. In an tambaye shi sai ya ce tsufa ne ya sa shi yawan taka-tsantsan.

"Kin san shi ya yi aikin birkin."

Ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta.

"Sati uku motar tana kan bulo a bayan gidan nan," ta ce a hankali. "Da na ga abin da ya faru, na ce ko wani abu ne ya tsinke. Shekararsa sittin da takwas, yallaɓai. Na ce gara ni."

"Ba abin da ya tsinke."

Ya gaya mata yadda aka ɗaure wayar a jikin ƙarfe don sandar ta yi tauri. Ta sa shi ya sake faɗa. Sai ta saki rigar cikin ruwa.

"Ya sani? Ya ba ni makulli yana sane?"

Ta tashi ba ta share hannu ba, ta kai shi wani ɗan ɗaki a bayan gida, ta tura ƙofar. Kayan aiki na rataye a bango, kowanne a kan ƙusarsa. A kan tebur ga gangunan birki biyu, an wanke su da kananzir, an rubuta hagu da dama a jikinsu da alli, da kyakkyawan rubutun malamin makaranta.

Malam Jethro yana falo, a kujerar da ke ƙarƙashin hotunan ɗalibansa na shekara da shekaru. Shekari ya shigo da ganga ɗaya ya ajiye a kan tebur. Wannan karon bai rusuna ba, amma ya cire hula.

"Malam, Benson ya amsa laifi. Gobe za a kai shi kotu."

"Ya amsa?"

"Da ya ji ku kuka ambace shi, sai ya amsa."

Tsohon ya rufe fuska da tafin hannu. Edith tana tsaye a bakin ƙofa, ya ce ta fita. Ta ƙi.

Ya yi magana yana kallon gangar. Ya ce ranar da ya gama ɗaure komai ya zo haɗa waya, nan ya ga abin da Benson ya faɗa gaskiya ne. Gyaran ba wuya: ya nemo kalifar da ta dace, ko ya mayar da dram. Amma duk wanda zai nemi kayan a wurinsa ɗalibinsa ne, kuma kafin yamma labari zai kai Sabon Tasha. Mutanen unguwa kuwa sun riga sun zo sun ga aikin sun yaba. Sai ya ce zai jira ya je Jos ya sayo a inda ba a san shi ba. Kafin nan ya ɗaure wayar, don kada wani ya shiga motar ya ja sanda ya ji ta sakwaf ya yi tambaya.

"Ranar Lahadi fa?"

Ya ce bayan sujadar farko dattawan coci huɗu suka biyo shi gida shan shayi kafin ta godiya. Suna cikin hira a kan motar, ɗaya yana cewa shi ma zai kawo tasa a yi mata haka, sai Edith ta shigo ta ce matan kicin na jiran abinci, a ba ta makulli. Ya ce ta jira. Ta ce an makara. Baƙin suka ce haba Malam, ba ta mana, ai birki sabo ne.

"Kalma biyar ce kawai," in ji shi. "Ki bar ta a giya. Suna bakina. Na san in na faɗa wani zai ce don me. Na ce a raina wataƙila ta tsaya a fili."

"Sai kuka ba ta."

"Na ba ta."

Edith ta zame ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar.

"Benson kuma?"

"Ka tambaye ni wa ke gyara ta. Na zaɓi amsar da ba ƙarya ba ce, na kuma san abin da za ka yi da ita." Ya goge ido da bakin riga. "Na ɗauka zai musa, ku sake shi. Ban taɓa zaton zai ɗauka ba."

Shekari ya gaya masa cewa zai kama shi bisa sakacin da ya jawo mutuwar Mama Judith da kuma karkatar da bincike. Malam ya ce daidai ne. Ya shiga ɗaki ya sa takalmi. Shekari bai fito da ankwa ba. Maƙwabta suka leƙo ta kan shinge suna kallon su suna tafiya a ƙafa har bakin titi, tsohon a gaba, kansa a ƙasa.

Difi'o bai so ba. Ya ce ga mutum ya amsa laifi da hannunsa, me ya sa za a jawo wa ofis surutun coci guda? Shekari ya ajiye masa gangar da sabon jawabin a kan tebur, ya ce in an kai Benson kotu shi zai ba da shaida a kan abin da ya gani. Difi'o ya karanta, ya sa hannu.

Shekari da kansa ya buɗe sel. Kuncin Benson na hagu bai gama sauka ba.

"Na ji lokacin da aka mare ka," ya ce masa. "Ban hana ba. Ban kuma tambaye ka komai ba kafin in kama ka. Ka yi haƙuri."

Benson ya dube shi da mamaki, ya ce ba komai. Sai ya tambayi ko Malam lafiya.

Da suka fito kanta, Malam Jethro yana tsaye, ya cire agogo da bel ya miƙa. Benson ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi kamar yadda ya saba.

"Malam, da kun bari. Ni zan iya zaman."

"Tashi, Benson. Kai ne da gaskiya tun a watan Mayu. Ya kamata in faɗa a gaban waɗanda suka yi dariya."

Kofur ya buɗe babban littafi, ya tambayi suna, ya rubuta. Ya tambayi shekaru, ya rubuta.

"Sana'a?"

Benson ya buɗe baki zai faɗa, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Rubuta ɗan fansho kawai," ya ce.

Kofur ya rubuta. Aka buɗe ƙofar bayan kanta, Malam Jethro ya cire takalmansa ya ajiye su a jere, ya shiga.